Haruffa masu takalmi a allon shago

Jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa na goge aikinka na allon mai kayan gini, alhali rubutun da na zaɓa wa sunan shagon shi ka ɗauka ka cike allon da shi. Jawo benci ka zauna, yaro.

Dubi ƙafar harafin nan. Ka ga dunƙulen da ya taka, mai kauri kamar bulo? Shi nake ce wa takalmi. A Landan aka fara zuba irinsa, wajen 1815, a ma'aikatar wani mai ƙera haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, lokacin da 'yan kasuwa suka shiga manna talla a bango suna neman rubutun da zai tsayar da mai wucewa. Har laƙabin Masar suka ba shi, ba don daga can ya fito ba, yayin ƙasar kawai ake yi a Turai tun da Napoleon ya je can. Salon rubutun da ake kira Clarendon ya biyo baya a 1845, Rockwell ɗin da kake gani a kwamfuta kuma a 1934. Tun asali don kira daga nesa aka yi su. Duba sunan Honda a tankin babur, ko Sony a goshin talabijin: kalma ɗaya ce, ta zauna daram.

To kai sai ka sa shi ya ɗauki siminti, rodi, kwano, fenti, da lambar waya har biyu. Idan harafi mai kauri ya ƙanƙance, ramin da ke cikin haruffa irin su a da e toshewa yake yi. Fenti ya ɗan malala, ƙurar hunturu ta hau, shi ke nan 3 ta koma 8, mai shago ya yi ta jiran kiran da ke zuwa wayar wani. Jerin kaya da lamba siririn rubutu marar takalmi suke so. Mai kaurin a bar masa suna, kalma biyu ko uku, a kuma buɗe tsakanin haruffan don kada takalmin wannan ya taka na wancan.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙusa. Yawancin waɗannan haruffa ba su zo da ƙ, ɗ da ɓ ba, domin masu zana su ba da Hausa a ransu suka yi ba. Kwamfuta ta aro maka wata ramammiyar ƙ daga wani wuri, ka ga ta yi muni, ka cire lanƙwasar gaba ɗaya. Sai allo ya ce ana sayar da kusa! A manhajar zane ta CorelDraw, mayar da k ɗin zane, ka ja mata lanƙwasa da hannunka, kaurinta daidai da jikin harafin.

Idan ka gama, kada ka kawo mini. Jingina shi a bango, ka tsallaka titi ka tsaya wajen mai shayi, ka karanta mini lambar daga can.