Tambayoyinku: na biya kuɗin shekara, me yasa kulob zai hana ni kamun kifi wata shida?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ina zaune a Ingila ne, bana na shiga wani kulob na masu kamun kifin tirawut da fatsa, na biya kuɗin shekara cas, sai gashi wai daga Oktoba an rufe kogi sai wajen Afrilu, kuma sakatare sai turo saƙo yake wai kowane mamba ya fito aikin gyaran gaɓa ran Lahadi. Dan Allah wannan ba cuta bace? Na biya kuɗi kuma in yi leburanci?

Amsa: Toh ɗan'uwa, ba cuta bace, kuma ƙorafin naka guda biyu asalinsu ɗaya ne. Rufe kogin ma ba kulob ne ya ƙirƙiro ba, doka ce, ranakun ne kawai suke bambanta daga yanki zuwa yanki, yawanci ana buɗewa tsakanin tsakiyar Maris da farkon Afrilu a rufe ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Dalili kuwa shi tirawut ɗin kogunan Turai, mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, da sanyi yake zuba ƙwai, wajen Nuwamba zuwa Janairu. Macen zata nemi wuri mai tsakuwa inda ruwa ke gudu, ta kwanta a gefe tana kaɗa wutsiya har ta haƙa ɗan rami, ta zuba ƙwan, namiji ya barbare su, sannan ta koma sama kaɗan ta sake kaɗawa tsakuwa ta rufe su. Ƙwan nan sai sun yi wata biyu zuwa uku a ƙasa, bayan sun ƙyanƙyashe ma 'ya'yan basa fitowa sai sun ƙara makonni a cikin tsakuwar. Kaga in an bar mutane suna shiga da manyan takalman roban nan suna taka wurin, ai shikenan kifin baɗi da na baɗin baɗaɗa an murƙushe shi tun bai ga rana ba, ga iyayen kuma a rame suke bayan zuba ƙwai, kama su a lokacin wahalar dasu ne kawai.

Nan aikin Lahadin ya shigo. Babban abokin gaban ƙwan nan laka ce, in gaɓa ta zaizaye laka ta toshe tsakanin tsakuwar, ruwa mai iska ba zai ratsa ba sai ƙwan su mutu, shi yasa zaka ga wajen Satumba ana shiga da manjagara ana karkaɗe tsakuwa, ana kafa turaku da rassa a inda gaɓa ke ruftawa, ana gyara shinge kar shanu su gangaro su tattake bakin ruwa. Sassaben itatuwa kuma da hunturu ake yi saboda daga Maris tsuntsaye sun fara sheƙa, kuma ba a aske su ƙwal, ana barin inuwa dan ruwan kar yayi zafi. Da Yuni kuma sai tugar wata ciyawa baƙuwa da aka kawo daga yankin Himalaya, mai fure jaja-jaja, wadda ke cinye gaɓa da rani ta mutu da sanyi ta bar ƙasa tsirara, dole a tuge ta kafin ta yi iri.

Kuɗin da ka biya mafi yawansa yana tafiya ne wajen hayar ruwan daga mai fili, da inshora, da sayen kifin da ake zubawa in kulob ɗinku na yi. In an ce a ɗauko ɗan kwangila ya yi duk wancan aikin, wallahi kuɗin shekarar ba zaka so jinsa ba. Ni a ganina ma wanda yaƙi fita aikin shi yake cutar kansa, dan a nan ne zaka ga kogin ruwa ya ja baya, ka ga ina zurfi yake ina kifi ke laɓewa, kuma tsofaffin mambobin nan da basa magana lokacin kamu, in kun haɗu kan zarto ɗaya sai kaga baki ya buɗe. In hannu na maka ƙaiƙayi da hunturu, akwai tafkunan da basu haɗe da kogi ba da ake zuba ɗaya tirawut ɗin mai jan layi a gefe, ɗan asalin Arewacin Amurka, da yawansu a buɗe suke duk shekara. Sai dai ka tabbata kana da lasisin fatsa na hukumar muhalli, kuɗin kulob daban shi daban, duk wanda ya kai shekara 13 sai dashi, tarar kuma tana iya kaiwa fam 2,500.

Tambaya: Malam, a watan Yuli kulob ɗinmu ya dakatar da kamu na wasu kwanaki wai ruwa yayi zafi, alhali mu sakin kifin muke yi bayan mun kama. To meye matsalar?

Amsa: Matsalar sakin ba shine tsira ba. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, in ruwa ya doshi digiri 20 iskar oksijin ta ragu a ciki, kifin da ya sha kokawa a bakin ƙugiya sai kaga ya tafi kamar lafiya lau, anjima ya mutu inda baka gani. Kwamitinku yayi daidai. Ko da ruwan yayi sanyi, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi dan kar ka goge yauƙin jikinsa, ka matse haƙorin ƙugiyar da filaya ta fita da sauƙi, ka riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar inda ruwan ke zuwa har ya fizge da kansa. Hoto kuma in dole ne, ƙyas ɗaya ya isa.