Bangon sabon gidana ya tsage tun damina ta farko, wa zan kai ƙara?

Tambaya: Barista, bara na gama biyan kuɗin gida mai ɗaki uku a wani sabon rukunin gidaje da ke wajen Rigachikun. Damina ɗaya kacal bangon falo ya tsage, ruwa kuma yana kwanciya a tsakar gida saboda babu kwata a layinmu. Mai kamfanin da ya sayar min ya ce hukuma ta amince da ginin, don haka babu ruwansa. Zan iya maka ƙaramar hukuma a kotu ta biya ni?

Amsa: Malam, Allah ya sawwaƙe. Ban ga takardunka ba, saboda haka ka ɗauki bayanin nan a matsayin na gaba ɗaya. Amma a ganina ka ɗauko maganar ta inda ba nan take ba.

Izinin gini a birnin Kaduna da kewayensa aikin KASUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, takardar mallakar fili kuma KADGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar, ke bayarwa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna, ikon ƙaramar hukuma kuwa galibi a filayen karkara yake. Ka tambayi mai kamfanin wace hukuma yake nufi, ya kuma ba ka kwafin izinin da zanen da aka buga wa hatimi. Wanda yake da takarda ba ya wahalar nuna ta.

Ko da izinin na gaskiya ne, abin da yake nufi shi ne an duba zane an yarda a gina shi a wurin. Hatimin bai yi maka alkawarin buhu nawa na siminti za a zuba a bulo ba, ko rodi nawa za a sa a harsashi. Ƙara a kan hukuma tana da wuyar ci, ga kuma dokar kare jami'an gwamnati da ta sa wa'adin wata uku a galibin irin waɗannan ƙararraki, mai yiwuwa ma ya wuce.

Wanda ya karɓi kuɗinka shi ne abokin maganarka, kuma wannan "babu ruwana" tasa ba amsa ba ce. Sai dai ƙarfinka ya danganta da yadda ka saya. Idan ka fara biya tun ana gini, doka kan ɗauka cewa ya yi alkawarin aiki mai kyau da gidan da zai zaunu, ko da ba a rubuta ba. Idan kuwa ginanne ka gani ka zagaya ka saya, hujjarka ta ragu sosai, sai in ya ɓoye aibin da gangan ko ya rubuta abin da ba haka ba. Ka duba yarjejeniyar ko akwai wa'adin gyara, ko an ambaci kwata da titi. Mayar da kuɗi gaba ɗaya kuwa, kada ka sa rai da shi tukuna. Kuɗin gyara aka fi samu.

Kada ka shafe tsagar da siminti yanzu. Ka ɗauki hotuna, ka samo injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya rubuta rahoto, sannan lauya ya aika wa kamfanin wasiƙa da wa'adi. In injiniyan ya ce akwai haɗari, ka fitar da iyali kafin komai.

Ina kuma jan kunnenka kan kai koke KASUPDA cikin fushi. In ta bayyana an saɓa wa zane ko babu izini sam, gidan da za a shafa wa jan fentin rusau naka ne, mai kamfanin kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Shari'ar irin wannan a babbar kotu kan ci shekaru, bango yana ƙara buɗewa. Ka haɗa kai da maƙwabtanku, tunda matsalar kwata ta kowa ce, ku nemi zama da shi a cibiyar sulhu ta Multi-Door da ke ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. Mai gidajen da bai gama sayarwa ba yakan saurari mutum goma. Duk abin da kuka cimma a rubuta, da ranar fara gyara da ranar gamawa, kuma kada ka sa hannu kan takardar yafe haƙƙi sai injiniyanka ya duba aikin.