Amsar Kaka a kan lallen amarya

Kishiyata, saƙonki ya iso. Kin ce me ya sa muka nace sai an sa ki a lalle, alhali mai zane za ta gama miki da dayis cikin awa biyu. To, ƙunshi daban, sa lalle daban.

A zamaninmu budurwa kwana bakwai take yi a lalle, tana ɗaki, ba rana ba aiki. Ganyen ake tsinkowa a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, wasu su ɗiga lemun tsami. Da shi tsofaffi ke cuɗe mata jiki. Lalle sanyi gare shi, yana kwantar da ƙurajen zafi, ya kwashe dattin da sabulu bai fitar ba, kafin ranar kai amarya fata ta yi sumul ta yi jajir. Har ango ba ya tsira, shi ma kama shi ake yi.

Amma a ƙafa aikinsa ya fi fitowa. Matar da ba ta rabo da ƙunshi da wuya ki gan ta da kaushi ko faso, balle cin ruwa a tsakanin yatsu. Da dare ake ƙunsawa, a naɗe ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuma a zura a zunguru, wato wani dogon gora, wanda na san ko ganinsa ba ki taɓa yi ba. Da safe a kankare a bi da man kaɗe, domin lalle yana busar da fata, musamman da hunturu.

Dilka da halawa na gyaran jikin amarya kuwa, daga Sudan suka zo mana ta Borno. Ki yi, ban hana ki ba.

Dayis ne ban yarda da shi ba. Rinin gashi ne, akwai sinadarin PPD a cikinsa mai ƙona fatar wasu. Na ga amaryar da hannunta ya kumbura ana gobe ɗaurin aure, ƙuraje masu ruwa suka bi zanen fure bayan fure, tabon ya yi watanni bai ɓace ba.

In Allah ya kawo rabo kuma, kada ki bari a shafa wa jariri lalle ranar suna. Akwai jariran da yake farfasa musu jini ya sa musu shawara.

Zan aiko miki da garin ta hannun gwaggonki. Ki sake tankaɗe shi, idona ya yi rauni.