Jinin da ya ƙi daskarewa a mushen saniya

Wani makiyayi daga wajen Pitowa, a arewacin Kamaru, ya tambaya: "Saniyata ta kwana lafiya, da safe na tarar ta mutu. Ciki ya kumbura, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, kuma ya ƙi daskarewa. Me ya kawo haka?"

Allah ya mayar da alheri, Malam. Don Allah kada a feɗe ta, domin waɗannan alamu sun yi kama da ciwon saifa.

A cikin jini akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ɓargo ke samarwa, likitoci na ce musu filatilet. Su ne ke taruwa a bakin rauni su toshe shi. Aikinsu bai tsaya nan ba: in ƙwayar cuta ta shiga jini, sukan manne mata, su zuba mata sinadaran da ke kashe ta, su kuma jawo fararen ƙwayoyin jini wurin. To ƙwayar ciwon saifa tana fitar da dafin da ke hana filatilet manne wa juna, ya kuma lalata jijiyoyin jini. Shi ya sa jinin ke tsiyaya, saifa ta kumbura. Saran kububuwa ma kan hana jini daskarewa, amma bari malamin dabbobi ya tantance.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne feɗewar. Da iska ta taɓa jinin, ƙwayar sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta zauna a ƙasa shekaru gommai, shanu su sake kwasarta a kiwo. A ƙone mushen ƙurmus, ko a binne shi a rami mai zurfin mita 2 tare da ƙasar da jinin ya ɓata, nesa da rijiya. A kori karnuka da ungulu.

Wani kuma ya ce: "In an yi saurin yankawa kafin ta mutu fa?"

Yanka ba ya kashe cutar, ɗan'uwa. Mahauci, mai jima da mai cin naman duk tana kama su. Wanda ya ga gyambo mai baƙin tsakiya a hannunsa ya tafi asibiti ran nan.

Sauran garken kuwa a ɗauke su daga wannan makiyaya, a yi musu riga-kafi, wanda LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasar Kamaru, ke haɗawa a Bokle kusa da Garwa. Sau ɗaya ne a shekara, kafin damina ta sauka. Kada a haɗa shi da allurar teramisin ko fenisilin lokaci guda, don suna kashe ƙarfinsa.