Amsa: me ya sa masoya mota suka fusata da sunan Mustang a jikin jif ɗin lantarki?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya me ya sa masoya mota a Amurka da Turai suke ta tayar da jijiyar wuya don kamfanin Ford ya liƙa sunan Mustang a jikin jif mai aiki da lantarki, wato Mach-E, alhali sunan nasa ne, kuma ka ce a ganinka mota ai mota ce, in tana da gudu da ƙarko shi ke nan. Na ga wasu 'yan'uwa sun ba ka amsa a gajarce cewa ƙin canji ne kawai irin na tsofaffi. Ni ban yarda da hakan ba. Aikin gareji nake yi a jihar Michigan, kusa da Detroit, kuma masu irin waɗannan motocin suna cikin manyan abokan hulɗarmu, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji.

Sai ka fara sanin abin da sunan yake nufi a wurinsu. An fito da Mustang ranar 17 ga Afrilun 1964 a babban bajekolin duniya na New York, a kan dala 2,368. Kuɗi ne da ma'aikacin masana'anta ko matashin da ya fara aiki zai iya haɗawa. A shekarar farko kawai an sayar da sama da 400,000, kafin ta cika shekara biyu an ƙera miliyan ɗaya. Siffarta kuma sananniya ce: dogon hanci, gajeren baya, ƙofa biyu, a kwance take kusa da ƙasa, inji a gaba, tayoyin baya ke tura ta. Kusan a lokaci guda ne Pontiac ta fito da GTO, sai Dodge Charger da Chevrolet Camaro suka biyo baya a 1966, Mustang Mach 1 ta zo a 1969. Waɗannan su ne motocin ƙarfin da Amurkawa ke kira muscle car, masu inji mai silinda takwas da ake ce wa V8.

Abin da ba za ka gani a hoto ba shi ne yadda mutum yake haɗuwa da irin wannan motar. Akwai wani dattijo da yake kawo mana Mustang ɗinsa ta shekarun 1960 duk farkon bazara, bayan ta kwana watannin sanyi a rufe. Ba ya ajiye ta ya tafi kamar sauran mutane. Tsayawa yake a gefena, ya ɗora tafin hannunsa a kan fenda yayin da nake murɗa sukurun kafireto, inji yana ta girgiza motar baki ɗaya har eriya tana rawa. Kafin ni in gamsu, shi zai ɗaga hannu ya ce in tsaya nan, ta dawo daidai. Da kunne da tafin hannu yake ganewa. Mahaifinsa ne ya saye ta sabuwa, a cikinta ya koyi tuƙi, kuma babu wani ƙarfe a cikin injin nan da bai taɓa kwancewa da hannunsa ba. Irinsa suna da yawa. Duk watan Agusta in ka je titin Woodward a nan Detroit, ranar da ake taron tsofaffin motoci, za ka ga iyalai sun kafa kujeru a bakin titi tun asuba, kaka da jika, suna sauraron ƙarar salansa suna faɗin sunan injin tun kafin motar ta iso gabansu.

Ka ɗauka a ce gobe Peugeot ta fito da wata doguwar jif mai batir, ba giya ba ƙara, ta rubuta mata 504 a baya. Tsohon direban da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kaduna da Kano da 504 ƙirar Kaduna ba zai ce motar ba ta da kyau ba, cewa zai yi wannan ba 504 ba ce. To haka suka ji.

A watan Nuwamban 2019 Ford ta nuna Mustang Mach-E a Los Angeles, aka fara ba masu saye ita a ƙarshen 2020. Ƙofa huɗu, tsayi irin na jif, batir shimfiɗe a ƙarƙashinta, a Meziko ake ƙera ta a garin Cuautitlán. An ɗauko dokin nan mai gudu an manna a gabanta, an yi mata fitilun baya masu layi uku irin na gidan, har da wata ƙarar inji ta ƙarya da ke fitowa ta sifika in ka zaɓi salon tuƙin da suka kira Unbridled. Nan take aka buɗe takardar koke a intanet ana tara sa hannu don a canza sunan. Kuma kar ka ɗauka 'yan waje ne kaɗai suka ƙi. Shi kansa Bill Ford, tattaɓa-kunnen Henry Ford kuma shugaban hukumar kamfanin, wanda aka sani da son Mustang, bai yarda da farko ba, sai da ya tuƙa ta gwaji sannan ya sauko.

Na sha zuwa taron safiyar Asabar inda masu motoci ke jeruwa a filin ajiye motoci suna shan kofi, kowa ya buɗe bonet. Wata rana wani matashi ya shigo da Mach-E ja, ya nufi layin Mustang zai jera. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Amma mutane suna wucewa ta gabansa kamar ba su gan shi ba. Da ya buɗe bonet, wani ya leƙa ya ga akwatin roba na zuba kaya a inda inji ya kamata ya zauna, ya girgiza kai ya wuce. Abin ya taɓa ni, domin yaron da zuciya ɗaya ya zo, kuma ba shi ya raɗa wa motar suna ba. Shi ma son motarsa yake yi kamar kowa.

Ita kuwa motar, in za a faɗi gaskiya, mota ce ta kirki. Na tuƙa samfurin GT nata, mai ƙarfin doki 480, daidai da abin da injin V8 na Mustang GT ta 2024 ke bayarwa. Kana taka totur za ta manna bayanka da kujera ba tare da jiran komai ba, a tashin farko da wuya mai fetur ta kama ta. Tana ɗaukar iyali da kayansu, ba zancen juyen baƙin mai, ba filogi, ba bel. A 2021 ta ci kyautar jif ta shekara a Arewacin Amurka, kuma ta cancanta. Amma nauyinta ya haura tan biyu, kana jin sa a kwana. Kana zaune a sama ne, ba a cikin motar ba. Babu kuloci, babu giyar da za ka canza, babu abin da ke gaya wa jikinka inda inji ya kai. Sannan in ta samu matsala a ɓangaren batir, ba abin da mai ita zai taɓa a gida da sifana, sai an kai wurin masu na'ura da horo na musamman, domin wutar da ke ciki tana kisa. Duk abin da ya haɗa dattijon nan da motarsa babu shi a nan. Saboda haka da suka ce ba Mustang ba ce, ni ina ganin gaskiya suka faɗa.

Me ya sa Ford ta yi haka tana sane? Kasuwa. Tesla ta nuna jif ɗinta mai lantarki Model Y a watan Maris na 2019, kuma Ford ta san in ta fito da jif ɗin lantarki da wani sabon suna, ba mai waiwayarta. Sunan Mustang shi ne mafi tsada a taskarta, sai ta ciro shi. Kuma lissafin ya fita: a 2024 an sayar da Mach-E 51,745 a Amurka, Mustang mai fetur kuwa 44,003. Akwai kuma dokokin shan mai da hayaƙi, waɗanda aka daɗe ana auna kamfani da su a kan jimillar motocin da ya sayar, ba mota ɗaya-ɗaya ba. A lokacin, duk mai batir da ta fita tana sama wa mai silinda takwas wurin numfashi. Wannan batun masu fushi ba sa son jin sa, amma haka yake.

Fushin nasu kuma ba ihu bayan hari ba ne, sun taɓa cin nasara. A 1987 labari ya fito cewa Ford za ta maye gurbin Mustang da wata mota da aka gina kan ƙirar Mazda, mai ja da tayoyin gaba, ba V8. Wasiƙu suka yi ta kwarara ofishin kamfanin har ya janye, motar ta fito da sunan Probe, Mustang ta ci gaba yadda take. Waɗanda suka rubuta wasiƙun nan da yawansu suna raye, su da 'ya'yansu ne suka sake tashi a 2019. Akwai kuma lokutan da suka yi ƙorafi daga baya suka saba. Da Dodge ta dawo da Charger a 2006 da ƙofa huɗu an yi ta surutu, amma da yake injin V8 da ake kira Hemi na ciki kuma tayoyin baya ke turawa, aka karɓe ta, musamman da samfurinta na Hellcat mai ƙarfin doki 707 ya zo.

A nan ne nake raba laifin kamfanonin, domin ba ɗaya suke ba. Ford ta ara wa jif suna, amma ba ta kashe mai sunan ba. Har yau ana ƙera Mustang a Flat Rock, nan Michigan, ƙira ta bakwai, samfurin 2024, ta fito da V8 mai lita 5.0 da giyar hannu ga mai so. Dodge kuwa ta rufe tsohuwar Charger da Challenger a Disambar 2023, ta kawo Charger Daytona mai batir, da wata na'ura a bayanta mai kwaikwayon ƙarar salansa, wadda suka ce tana kai ma'aunin ƙara 126. Wannan ba ma jif ba ce, siffarta ta mota mai ƙarfi ce sosai, amma mutanenta suka juya mata baya, ta yi kwantai a wurin dillalai, sai da kamfanin ya gaggauta fito da mai fetur mai silinda shida. Ƙarar ƙaryar nan ta fi komai ɓata musu rai, na ji mutum fiye da ɗaya yana cewa gara a bar ta shiru da a raina masa hankali. Chevrolet ta daina ƙera Camaro a ƙarshen 2023, alamar SS ta motocinta masu ƙarfi kuma ta koma jikin Blazer mai lantarki.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Capri. Turawan Ingila da Jamus sun ɗauke ta a matsayin Mustang ɗinsu, an ƙera ta daga 1969 zuwa 1986. A 2024 Ford ta dawo da sunan a kan jif ɗin lantarki da aka gina bisa ginshiƙin Volkswagen, ana haɗa ta a birnin Kolon na Jamus. Babu wata Capri ta asali a kasuwa da masoyinta zai koma gare ta, kusan shekara arba'in yana jira, abin da aka miƙa masa ke nan. Idan aka gwada da wannan, masu Mustang suna da abin godiya.

Don haka, ɗan'uwa, in mutum ya zo mini yana neman shawara kan Mach-E, nakan tambaye shi ko yana da wurin caji a gida da irin tafiyar da yake yi. In sun dace nakan ce ya saya, zai ji daɗinta, amma ya sani Mach-E ya saya. In kuwa abin da yake nema shi ne abin da ya ji a titin Woodward, to ya nemi mai ƙofa biyu.

Abin da ya fi damuna ma yanzu ba sunan ba ne, farashi ne. Motar da aka yi don matashi mai ƙaramin albashi, yau GT ɗinta sabuwa ta haura dala 40,000, ga inshora mai tsada ga duk wanda bai kai shekara 25 ba. Mafi yawan masu kawo mana V8 a gareji furfura ta riga ta kama su, matasan da ke aiki tare da ni kuwa, duk da son da suke yi mata, tsohuwar Honda suke hawa zuwa aiki.