Amsa ga mai neman shawara kan ziyarar Indiya

Malam, ka tambayi inda ya dace ka nufa a Indiya cikin mako biyu. Shawarata ita ce kada ka yi yunƙurin karaɗe ƙasar, domin faɗinta ya fi ƙarfin tafiya guda. Ka tsaya a arewa: Delhi, Agra da Jaifur.

Ka sa tafiyarka tsakanin Oktoba da Maris, saboda a watan Mayu zafin Delhi kan haura digiri 40, daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ce, kodayake hazon Disamba da Janairu yakan jinkirta jiragen ƙasa. A tsohon birnin Delhi ka ziyarci Masallacin Jama, wanda Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, kuma a lungunan da ke kewayensa za ka sami naman halal ba tare da wahala ba. Daga nan jirgin ƙasa na Gatimaan zai kai ka Agra, garin da Taj Mahal yake, cikin ƙasa da awa biyu, amma ka lura cewa ana rufe Taj Mahal ga masu yawon buɗe ido ranar Juma'a, kuma da sassafe ya fi daɗin shiga, kafin cunkoso.

Idan daga Najeriya za ka tashi, ka riƙe katin rigakafin cutar shawara, domin ana neman sa a filin jirgi.