Amsa ga ƙanenmu mai shirin aikin direba a Riyad (muryar da anka maida rubutu)

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina kwananku. To ƙanena, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce wani eja ya samo maka aikin direba a Riyad, albashi riyal 1,500, kana tambaya wai ya zafin garin yake, kuma ko mutum na iya zuwa Umra duk mako, ya dawo gida Sallah. Na ji har an fara ba ka amsar zafi. Ku bar zancen zafi tukuna. Mutumin da ya sha Afrilu da Mayu a Sakkwato ba rana za ta koro shi ba. Abin da kake tambaya a gaskiya, ko ba ka faɗa ba, shi ne in ka shiga za ka iya motsi, za ka iya fita? Wannan kuwa takarda ke yanke shi.

Direba iri biyu ne a can, kuma eja ba zai bambance maka ba sai ka matsa mishi. Akwai direban kamfani, akwai direban gida, wanda suke ce wa sa'ik khas. Ka duba mi anka rubuta a bizar, wurin sana'a. In direban kamfani ne, dokar ƙwadago ta hau kanka: kwantiraginka shina cikin manhajar Qiwa, kai za ka shiga da kanka ka karanta ka amince. Aiki awa 8 a rana, 48 a mako, da azumi ya koma awa 6 ga Musulmi. Hutun shekara kwana 21, in ka cika shekara 5 ya zama 30. Ranar da ka gama, akwai kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin 5 na farko, bayan nan wata cikakke. In kuwa direban gida ne, kai da mai aikin gida da mai dafa abinci layinku ɗaya, ta manhajar Musaned ta masu aikin gida ake bi da ku. Hutunka wata 1 bayan shekara 2. Ka ji ko? Shekara 2. To ina zancen Sallah a gida duk shekara? Gyaran da sunka yi a Maris 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canza wurin aiki bayan shekara guda ko neman bizar fita da kansa, bai haɗa da direban gida ba, bai haɗa da makiyayi da mai aikin gona ba. Mutane na jin an ce an sassauta kafala, tsarin da ke ɗaure ma'aikaci ga wanda ya ɗauko shi, wato kafili, sai su ɗauka kowa da kowa ne.

Sai abin da ke ci mini rai, wagga biza da ejoji ke kira firi biza, Larabawa su ce ta'ashira hurra. Don Allah jama'a, babu wata biza mai wanga suna a dokar ƙasar. Babu. Wani ne ke da rajistar ɗan shago ko kamfanin da bai wuce takarda ba, ya ciro biza da sunan zai ɗauke ka aiki, ya sayar wa eja, eja ya sayar maka, ka sauka ya ce je ka nema. Kai kana murna ba ka da ubangida. To lissafa. Harajin da gwamnati ke karɓa a kan ma'aikaci baƙo ya kai riyal 800 a wata, 9,600 ke nan a shekara, ga kuɗin igama, wato katin izinin zama, 650, ga inshorar lafiya. A doka duk wannan mai ɗaukar aiki ke biya, har kuɗin ɗauko ka da tikitin maida ka gida in kwantiragi ya ƙare. A firi biza kai za ka biya, sannan ka ƙara wa kafilin nashi na wata-wata don kawai ya bar sunanka. Kuma duk ranar da anka same ka kana aiki wurin wanda ba shi ne a igamarka ba, kai ne mai laifi. Ran da kunka saɓa, ko ya ga ka yi jinkirin biya, sai ya shiga waya ya rubuta ka gudu daga aiki, abin da ake ce wa hurub. Daga nan ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba banki, ba fita ta filin jirgi kamar kowa, sai tarhil, wato a tsare ka a koro ka gida. Mutum ya sayar da gonar gado a Kware ko Wurno, ya sayar da shanu, a kai shi a ajiye a ɗakin mutum 8 shina ɓoyon 'yan sanda. Kuma ejan nan shina nan gari, shina sahun gaba a masallaci, an san shi, in ka yi magana a ce kana hana yaro arziki. Wane arziki? Kai, bari in bar wannan, raina ke ɓaci.

Ina nake... igama. In ka sauka, kafili na da kwana 90 ya fitar maka da ita, bayan gwajin asibiti. Kafin ta fito da wuya ka buɗe asusun banki. Da ta fito ka buɗe Absher, manhajar gwamnati ta harkar igama da biza, da lambar wayarka ta kanka, wadda ka sa yatsa ka yanka da sunanka. Kada ka yarda wani ya buɗe maka da lambarsa, don duk saƙon sirri can zai riƙa zuwa. Fasfo kuma naka ne, doka ta hana kafili riƙe shi, ko da yake da yawa suna karɓa su ce ajiya. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka tura wa wani a gida tun kafin ka tashi. Ranar ƙarewar igama ka duba da wane lissafi anka rubuta, don shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana 11, mutane na zaune suna jiran watan Turawa ashe ta mutu tuni. Jinkirin sabuntawa tarar 500 ne karon farko, na biyu 1,000.

Tunda tuƙi za ka yi, lasisin Najeriya ba zai ɗore da kai ba, sai ka yi nasu. Kuma can ba ɗan sanda ke tsayar da kai ku yi ciniki ba, kyamara ce, Sahir. Ka tsallake jar danja, tara daga 3,000 zuwa 6,000. Waya a hannu kana tuƙi, 500 zuwa 900. Kai mai 1,500, danja ɗaya ta cinye maka albashin wata biyu. Ka tambaya tun yanzu, tarar hanya wa ke biya, a rubuta. Kuma muddin akwai tara a kanka ba a buga maka bizar fita sai an biya.

To yanzu tafiye-tafiyen. Mu nan mun saba, mutum ya hau mota zuwa Illela, ya tsallaka Ƙonni ya ci kasuwa ya dawo la'asar, ba wanda ya tambaye shi. Can ba haka ba ne. Cikin ƙasar kana yawonka da igama, ba matsala. Amma ko Bahrain za ka leƙa, gadar nan ta Sarki Fahad mai kilomita 25, sai da khuruj wa auda, bizar fita da dawowa. Ta tafiya ɗaya riyal 200 ce har wata 2, kowane ƙarin wata 100. Mai shiga da fita da yawa 500 ce ta wata 3. Direban gida kafilinsa ke buga mishi ta Absher, in bai ga dama ba ka zauna. Kuma tana da ranar da dole ka koma kafin ta. In ka zo gida biki ya riƙe ka, ko jirgi ya ɗaga, ana iya tsawaita ta kana waje amma kuɗin ninki ne, kuma sai igamar na da sauran rai. Kada ka yanki tikitin komawa a ranar ƙarshe, ka bar mako guda tsakani. Daga Sakkwato sai ka fara zuwa Kano ko Abuja, mafi yawa kuma ka yada zango Addis Ababa ko Alƙahira ko Jidda kafin Riyad, kowane zango na iya cin maka kwana. Katin rigakafin shawara, ruwan ɗorawan nan, ya zauna cikin fasfo kullum.

Umra duk mako kuwa, ƙanena, wa ya ce maka Riyad bayan Makka take? Kusan kilomita 870 ne, ya fi nan da Abuja. A bas awa 10 ne ko fiye. Jirgin ƙasan Haramain da kake gani a bidiyo, wanda anka buɗe 2018, tsakanin Makka da Jidda da Madina yake, bai zo Riyad ba. Jirgin ƙasan Riyad gabas yake yi zuwa Dammam, ɗayan kuma arewa ta Kasim da Ha'il. Abin da talaka ke yi shi ne motocin Umra na unguwar Batha: su tashi Alhamis da yamma, a kwana a hanya, a yi Umra a samu Juma'a a Harami, Asabar a juyo, tunda hutun mako can Juma'a da Asabar ne. Da azumi kuɗin kujera da ɗaki na tashi sosai, goman ƙarshe kam ba a magana. Mikatinku ba na alhazanmu ba ne da ke ɗaura harami a jirgi ko a Zulhulaifa in sun fito Madina. Mai tahowa daga Riyad Ƙarnul Manazil ne nashi, wurin da ake kira Sailul Kabir kusa da Ɗa'if, nan mota ke tsayawa a yi wanka a ɗaura. Ka sauke manhajar Nusuk, ta nan ake neman izini, musamman shiga Rauda a Madina. Amma fa direban gida ranar hutun mutanen gida ita ce ranar aikinsa, ranar za a kai su kasuwa da gidan dangi. To ka ga duk wata uku ma in ka samu ka gode Allah.

Hajji kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa tunda kana ciki sai ka bi ta dutse. Mazaunin ƙasa sai da tasrihi, wato izinin Hajji, ta kamfanonin cikin gida, kuma sau ɗaya a shekara 5. Tun ƙarshen Shawwal ake fara tare hanyoyin Makka ga wanda ba shi da izini. A 2025 tarar ta kai riyal 20,000, ga kora, ga hana shiga shekara 10.

Zafin da ka tambaya, to ga shi a gurguje. Yuni zuwa Agusta shina kai 45, busasshe ƙayau, ba gumi kamar Jidda. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3. Abin da ke kama mutanenmu ba shi ba ne, sanyi ne. A Janairu da dare shina sauka ƙasa da 10, wani lokaci kusa da sifiri, mutum ya taho da 'yar shadda ɗaya. Ka sayi rigar sanyi a Batha, ka riƙe man kaɗe don leɓe da dunduniya, iskar kamar hunturunmu ce mai fasa hanci. Lokacin ne kuma 'yan gari ke fita kashta, su kafa tanti a rairayin Sumama su hura wuta. In an ce ka kai su, ka rage iskar taya kafin ka hau yashi, kada ku tafi da mota ɗaya, kuma kada ka ajiye mota cikin kwari in hadari ya haɗu, ruwan da anka yi nesa shina gangarowa ba sallama. Kada a kwana da garwashi cikin tanti a rufe, hayaƙin na kashewa.

Cikin gari da can sai mai mota, yanzu akwai jirgin ƙasa na cikin birni tun Disamba 2024, layi 6, riyal 4 ka yi awa 2 kana hawa. Abinci ba za ka sha wuya ba, kubus da ful da shinkafa kabsa, ga laban in ka yi marmarin nono.

A'a, tsaya, na manta babba. Kaya. Goro an hana shiga da shi, kada wata gwaggo ta cusa maka ƙwarya guda ta ce a kai wa wance. Tramol da makamantansa kuwa can ana yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya. Ko maganin asibiti ne ka riƙe takardar likita, ka bar shi cikin kwalinsa. Kada ka karɓi saƙon kowa a rufe, ko na limamin unguwarku ne, a buɗe a gabanka. A filin jirgi ka ƙirga jakunkunanka, ka duba 'yan takardun da anka manna bayan tikiti, in jaka 2 ka ba da ka tabbata 2 ne da sunanka. Kun tuna ɗalibar nan ta Kano da anka kama a Madina ƙarshen 2018, jakar da ba tata ba anka liƙa wa sunanta, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Haka kuɗi, kada ka bari 'yan ɗakinku marasa igama su riƙa turawa gida ta asusunka, mai albashin 1,500 shina aika 6,000 duk wata, za a kira ka ka yi bayani.

Iyali kuma kar ka sa rai yanzu, kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka riyal 400 ne a wata, kuma da sana'ar direba ma da wuya a ba ka izinin kawo su.

Yanzu dai ka koma wurin ejan, ka ce ya ba ka hoton bizar da kwantiragin. Ka rufe lambar fasfo da yatsa, ka turo mini ta gefe, ba cikin guruf ba, in ga mi anka rubuta wurin sana'a da sunan kafili, kamfani ne ko mutum. In ya fara ce maka sai ka cika kuɗi tukuna za ka gani, to kada ka ƙara mishi ko sisi. An kira salla, sai na dawo.